Dariyar da Ba Ta Lucrezia Ba

Napoli, 9 ga Janairu

Saverio mijina,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata sanyin Potenza bai kwantar da kai ba, kuma rigar ulun da na aika ta iso hannunka. Mu muna lafiya, in ka cire abin da ya kawo mu.

Na zaɓi in rubuto ne domin wayar da suke barinka ka buga sau ɗaya a mako ba ta isar mu komai. Kafin in gama bayani ka fara ihu, kafin ka gama ihu an katse. Takarda kuwa dole ka bi ta har ƙarshe.

An gano abin da ke damun Lucrezia. Dariyar nan da ke ƙwace mata ba dalili tun tana goye, wadda malamarta ta kira rashin kunya, matan garinmu Roccalba kuma suka kira abin da suka kira, ashe farfaɗiya ce. Akwai ƙari a can tsakiyar ƙwaƙwalwarta, bai wuce ƙwayar wake ba. Na gan shi da idona a hoto. Likita Iervolino, matar da ke duba ta, ta ɗora bakin biro a kansa ta ce, "Ga mai dariyar nan, ba 'yarki ba ce." Shekara tara, Saverio! Na fita na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke maka hukunci.

Ba ciwon daji ba ne, amma ba zai tafi da kansa ba, kuma ƙwayoyin da take sha ba sa taɓa shi. In an bar shi, zai yi ta cin karatunta da hankalinta.

Hanya biyu ce. Ta dā, a buɗe ƙoƙon kai a ratsa lafiyayyar ƙwaƙwalwa har a kai gare shi. Ta biyu, a yi huda ɗaya da ba ta kai kaurin fensir ba, a zura siririn zaren gilashi, a sa ta cikin na'urar hoto, sannan a saki hasken leza ta bakin zaren ya gasa ƙarin shi kaɗai. Suna kallon zafin a allo. In ya doshi inda bai kamata ba, na'urar ta kashe kanta. Na tambayi haɗarin, ba ta ɓoye mini ba. Wurin yana maƙwabtaka da jijiyar gani da inda mutum ke ajiye abin da yake tunawa. Akwai yaran da suka fito da mantuwa, akwai waɗanda sai da aka maimaita musu. Na ji duka, kuma na zaɓi ta biyun.

Doka ta ce sai uwa da uba sun yarda. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. Ka sa hannu.

Lucrezia tana gaishe ka. Ta riga ta zama shugabar ɗakinsu na asibiti, ta koya wa yaran karta tana cinye musu biskit.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Rosaria

Gidan yari, Potenza, 16 ga Janairu

Rosà,

Na gaishe ki, na gaishe da 'yar tsuntsuwata. Riga ta iso, sai dai hannun ya yi mini gajere. Ko ni na ƙara tsawo a nan, ko ke kin fara manta mijinki.

Na karanta har ƙarshe, na sake karantawa. Amsata a'a.

Ku kira shi haske, ku kira shi leza, ku raɗa masa duk sunan da ya yi muku daɗi, wuta ce. Wuta a cikin kan 'yata, ni kuma ina nan a kulle ina ƙirga ƙarafan taga. Ni magini ne, Rosà. Sau nawa na ce wa mai gida "'yar huda ce kawai," sai ga bango ya tsage har rufi?

Kin manta Pasquale mahauci, wanda saboda shi nake nan? Shi ma likitoci ne suka shiga kansa bayan ya faɗi, suka fito suka ce aiki ya yi kyau. Kina nan a kotu. Kin ga yawu na zuba matarsa na share masa, yana laluben sunan ɗansa ya kasa kamawa. Kullum na rufe ido sai na gan shi. Yanzu kina so in sa hannu in wayi gari in ga fuskar Lucrezia a haka?

Tana dariya, to sai me? Tana tafiya da ƙafarta, ta san sunana, tana cinye yara a karta. Ki jira in fito ƙarshen shekara. In ma za a taɓa kanta, ina tsaye a bakin ƙofa, likitar nan ta kalli ƙwayar idona kafin ta ɗauki komai.

Takardarki tana nan, na yi shimfiɗar kofi da ita.

Ki sumbace mini yarinyar.
Mijinki,
Saverio

Roccalba, 23 ga Janairu

Zuwa ga Rosaria, matar ɗana,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji da Uwarsa mai tsarki, tare da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da jikata.

Ranar Asabar na je na ga Saverio. Ya rame har wuyansa ya fito. Ya gaya mini abin da kike nema, kuma ban ga amfanin in ɓoye miki ba, ni na ce masa ya tsaya a kan bakansa.

Bari in tuna miki, ko iskar Napoli ta sa kin manta. Ɗana ba sata ya yi ba. Yarinyar nan ta yi dariyarta a jana'izar fada, limamin cocinmu, coci cike, Pasquale ya kira ta 'yar shaiɗan a gaban jama'a, ubanta ya ture shi a matakala. Don ita yake kwana a kan ƙarfe. Mutumin da ya yi wannan shi za ki ce wa bai san abin da ya dace da 'yarsa ba?

Na haifi huɗu, na binne ɗaya. Na san abin da ake kira haƙuri, ku yaran yanzu ba ku san shi ba. Na yi alkawari ga Maryamu ta kan dutse cewa a watan Mayu zan hau ba takalmi, jikata a hannuna. Ki dawo da ita gida. Murhunku ya yi sanyi, itatuwan zaitun ba a yi musu aski ba, mutane kuma sun fara tambayata abin da matar ɗaurarre take yi a birni ita kaɗai.

Na ba direban bas cuku da busasshen tattasai ya kawo muku. Ki tabbata yarinyar ta ci, don na san abincin asibiti.

Allah Ya shirye mu duka.
Surukarki,
Vincenza

Napoli, 2 ga Fabrairu

Saverio,

Ina gaisuwa, domin haka aka tarbiyyantar da ni.

Ka ce tana tafiya da ƙafarta. To saurara. An sallame mu, muka koma gidan Inna Titina, ƙanwar mahaifiyata, muna jiran sa hannunka. Ranar Laraba tana wanka dariyar ta zo, amma wannan karon ba ta tsaya a dariya ba. Idonta ya ƙafe, jikinta ya sandare, ta faɗi ta bugi bakin baho. Haƙorinta na gaba ya tafi. Ni da tsohuwa muka ɗauko ta tsirara cikin bargo muka sauko da ita bene huɗu. Mun dawo asibiti.

Ka ce ta san sunanka. Jiya na ba ta littafin da take karanta maka bara, ta tsaya a kan kalmar "taga" tana kallonta kamar baƙuwa. Da nas ta zo da abinci ta wurga mata faranti, sannan ta shige ƙarƙashin gado tana kuka tana cewa, "Ba ni ba ce, Mama, ba ni ba ce." Wannan ce yarinyar da kake so ta jira ƙarshen shekara.

Ba likita ce ta lalata kan Pasquale ba, dutsen matakala ne. Ka sani, na sani. Tsoronka naka ne, ina tausaya maka a kansa, amma ba zan bari 'yata ta biya shi da ƙwaƙwalwarta ba.

Na ga lauya. In iyaye sun saɓa a kan lafiyar yaro, alƙali ne ke raba gardama. Na shigar da ƙara. Na taɓa tsayawa a kotu a bayanka, gari duka na harararmu. Wannan karon zan tsaya a gabanka.

Ka gaya wa Mama cuku ya iso, mun gode. Ka kuma gaya mata abin da matar ɗaurarre take yi a birni: tana kwana a kujerar roba tana riƙe da hannun jikarta. In matan Roccalba suna son gani, bas yana tashi kullum da safe.

Har yanzu matarka,
Rosaria

Gidan yari, Potenza, 10 ga Fabrairu

Rosaria,

Gaisuwa.

Kin ji abin da na gaya wa alƙalinki jiya ta allon bidiyon da suka zaunar da ni a gabansa. A'a na ce, kuma a'a ce. Kin sa gandurobobi sun raka ni in yi shari'a da matata, duk ɓangarenmu ya sani, har wani yaro ɗan kwana uku a gidan yari yana tambayata wa ke sa wando a gidana.

Kin iya magana, na ba ki wannan. Ko kallon allon ba ki yi ba.

Daga yau ba zan ƙara buga waya ba. Tunda alƙali ne uban, shi ya riƙa bugowa.

Saverio

Napoli, 14 ga Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ka sosai sosai. Yaya sanyi? Nas Gelsomina ce take rubuta mini don hannuna yana jinkiri, amma maganar tawa ce, na ce kada ta gyara komai. Mama ba ta sani ba, ta je wanki.

Baba, kai kana cewa ina dariya. Ba dariya nake yi ba. In za ta zo, cikina yana yin kamar bas ya gangara kwari, sai bakina ya buɗe da kansa. Ina ciki ina jin tsoro, a waje kuma ana jin ha ha ha. Ban taɓa gaya maka ba don kai in na yi sai ka ɗauke ni ka ce ga tsuntsuwata mai fara'a, ni kuma ina son ɗaukar.

Ranar jana'izar fada ma tsoro nake ji.

Akwai wani yaro a nan, Ciro, an yi masa irin aikin. Ya nuna mini wurin, sai da na tura gashinsa na nema. Ya ce ba zafi, sai dai yunwa. Amma Ciro maƙaryaci ne a karta, don haka na tambayi likita da kaina. Ta ce zai iya sa in riƙa mantuwa. Na ce ai yanzu ma ina yi.

Alƙali ya tambaye ni me nake so. Na ce a cire. Ya ce ko babanki bai yarda ba? Na ce babana yana da nasa kan, wannan nawa ne.

Kada ka yi fushi. In ka yi ma, to.

Haƙorina ya karye, yanzu na iya yin fito da baki.

'Yarka,
Lucrezia

Gidan yari, Potenza, 20 ga Fabrairu

Rosà,

Ina gaishe ki. Ban san yadda ake fara irin wannan takarda ba, don haka ga ta kawai.

Wasiƙar yarinyar ta zo. Ban fita shan iska ba ranar, na zauna da ita a bakin gado. Shekara tara ina ɗaga ta sama ina juyi da ita a daidai lokacin da take cikin tsoro, ina jin ni ne uban da ya fi kowa. Babu wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba.

Har yanzu ina jin tsoro, kuma har yanzu wuta ce. Amma na sa hannu. Akwai zoben kofi a kan takardar, ki ba likita haƙuri.

Ki janye ƙarar. Ba na so a ce alƙali ne ya yarda a ceci 'yata, ni nake so in yarda. Ki gaya mini ranar, zan nemi izinin fita ko da ankwa ne, ko na awa biyu. Na so in bugo, amma tunda na ce a cire sunana daga masu waya, sai wani makon za a mayar.

Ki ce wa tsuntsuwata ban yi fushi ba.

Naki,
Saverio

Napoli, 24 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Saverio,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji, ina sa maka albarka irin ta uwa.

Za ka yi mamakin ganin Napoli a saman takardar nan. Da na ji alƙali ya ba matarka gaskiya, na sa baƙin mayafina na hau bas da niyyar in ɗauko jikata, ko da kokawa ne. Tun da aka binne ubanka ban taka garin nan ba, kuma bai gyaru ba.

Ina shiga ɗakin yarinyar ta dube ni ta ce, "Kaka, in ɗaukata kika zo yi, ki koma, bas bai yi nisa ba." Na ɗaga hannu zan yi mata faɗa, sai abin ya zo mata a gabana. Ɗana, na sha ganin dariyar nan, amma ban taɓa kallon idonta a lokacin ba. Wannan karon na kalla. Na ajiye jakata na zauna.

An so a yi aikin a watan Maris, amma faɗuwar ta yawaita, likita ta ce ba za ta ƙara jira ba. Matarka ta yi ta duba wayarta ko za ka bugo. Ba ka bugo ba. Wannan taurin kai na ubanka ne, ba nawa ba.

An yi shi ranar Talata. Kafin nan na tare likitar a hanya na ce ta nuna mini abin da za ta sa a kan jikata. 'Yar ƙaramar mace ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ba ta yi musu ba, ta kawo irinsa ta ɗora mini a tafin hannu, siriri kamar taliya. Na ce, "Yarinya, hannunki ba ya rawa?" Ta ce, "Yana yi, Kaka, amma sai na koma gida." Gashin da suka aske bai fi faɗin kwabo ba.

Muka zauna a baranda tun safe har rana ta karkata. Ni ina jan carbi, matarka tana tsaye, ko ruwa ta ƙi sha. Da likita ta fito da hularta a hannu, Rosaria ta faɗo jikina, ni na tare ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ba ta cin abinci.

Yarinyar ta farka kafin duhu. Ta gane uwarta, ta gane ni, ta ga yatsun da aka nuna mata. Aka kawo mata romo, ta ɗanɗana ta ce ruwan wanke-wanke ne, a ba ta taliya da wake. Ɗinki ɗaya ne a kanta, na ƙirga.

Ban ce matarka ta kyauta da ta kai ka kotu ba, kuma ba zan ce ba. Abin da na gani kawai na gaya maka.

Ka riƙa cin abinci.
Mahaifiyarka,
Vincenza

Napoli, 1 ga Maris

Saverio mijina,

Gaisuwa da fatan alheri.

Takardarka ta iso ranar Alhamis. An yi aikin ranar Talata. Mama ta ce in gaya maka ta zo a kan lokaci don zuciyarka ta kwanta, na ce ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba yanzu zan fara ba. Da hannun alƙali aka shiga, ba da naka ba. Ban yi nadama ba, kuma in aka mayar da ni baya haka zan sake yi. Amma na karanta wa Lucrezia wasiƙarka, ta sa na maimaita wurin da ka ce ba ka yi fushi ba, sannan ta ce, "Baba kullum sai an gama cin abinci yake zuwa."

Ga gaskiyar yadda take. Tun ranar Talata abin bai zo ba, ko sau ɗaya. Likita ta ce kada mu yi biki tukuna, sai watanni sun wuce an sake hoto, kuma mai yiwuwa akwai ragowa da za a koma wa. Tana mantuwa. Ta san komai na dā, amma abin da aka gaya mata da safe yakan zube kafin rana ta yi tsaka. Jiya sau uku ta tambaye ni ina Ciro, sau uku na ce an sallame shi. An ce kumburi ne, zai iya sauka, zai iya barin wani abu. Ba na ɓoye maka wannan, don kai ma ba ƙarya ka faɗa ba da ka ce wuta ce.

Jibi za mu koma Roccalba. Ta ce tana so ta zo ta gan ka. Na gaya mata ka rantse tun ranar farko ba za ta taɓa ganinka a wannan wuri ba. Ta karɓi biro.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Rosaria

Babana,

Ina gaishe ka. Wannan da hannuna na rubuta.

Za mu zo ranar Asabar, ni da Mama da Kaka. Ka zo da tabaraunka, in ba haka ba ba za ka ga ɗinkin ba.

In na riga na gaya maka wannan ka yi haƙuri, kaina yana zubar da abubuwa yanzu. Shi ya sa na rubuta Asabar a hannuna.

Ba tambayarka nake yi ba, Baba. Gaya maka nake yi.

'Yarka,
Lucrezia